Mai Ƙirgar Ramuka

Ni ne mai littafi.
A faƙon da ke bayan Cadakori
aka ba ni biro da inuwar mota,
aka ce: ƙirga.
Rabin wata uku, jika ɗaya.
Wanda bai cika uku ba, Allah ya kai mu gobe.

Na ƙirga.
Na ƙirga bayan mutane a duƙe
kamar tukwanen da aka kife a rana.
Mutanen Isa, mutanen Sabon Birni,
da suka ƙetaro cikin dare
ba su ɗauko ko ƙota ba,
ga su da diga mai girgiza kai,
ɗaya tsakanin mutum huɗu.

Ƙasar nan ba ta jin lallashi.
Ka buge ta, ta rama da tartsatsi.
Hajo na haƙa da goyo,
yaron ya yi kuka har murya ta dushe.
Ruwan sha yana can rijiyar gari,
tafiyar da za ta cinye rami guda.
Sai a haɗiye yawu.

Littafina ya yi ƙiba.
Dubu huɗu, na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.
Aka dasa dakwara, aka ɗau hoto.
Ruwan farko ya shafe ramukan
kamar sawun kaza a bakin rumbu.
Ɗari shida suka ga kaka.

Tsoho Jaɓɓi ne ya kira ni.
Ya sa hannu a abin da ya rage na wani rami,
ko wuyan hannu bai nutse ba.
Ya ce, "Ɗan nan, baki ka ƙirga, ba ciki ba.
Mai ƙishirwa ba ya haƙa wa ruwa masauki."
Ya buɗe mini tafukansa,
kanta ta fashe, ta sake fashewa.
"Rubuta wannan ma."

Ban rubuta ba ranar.
Sai bayan mako, a shafin ƙarshe, da ƙanana.
Na kai Maradi, aka bar ni kan benci har la'asar.
Ba na cewa ni ne na sa.
Hajo da mata tara sun zauna kan shebur ɗinsu
kwana uku cur, ba zagi, ba haƙa,
kuma shirun ya riga takardata isa ofis.

Bana amalanken jaki ke riga mu zuwa,
ganga biyu na ta ɗigo a hanya.
Akwai rumfar zana, da Iya Shawai
da ake biya don ta riƙe yara.
Muna farawa bayan asuba,
mu tashi kafin rana ta take.
Maƙeri na zuwa Talata ya koɗa baki.
Da kunama ta harbi Nomau,
ba a ce masa ya yi haƙuri kawai ba.
Kuɗi ran Alhamis, hannu da hannu,
babu "dawo jibi".

Ramuka sun ragu, gaskiya ne.
Dubu uku ba ɗari biyu.
Maigidana ya ɓata fuska a kan lissafi.
Amma ruwa ya kwana biyu a cikinsu,
ciyawar da muka manta sunanta ta leƙo,
na soma ƙirgar ganye, na ɓace.

Jiya na tarar da Jaɓɓi
yana kewaye wani dashe da ƙaya saboda awaki.
Na ce, "Baba, sai ta shekara biyar za ta ba da ƙaro.
Kana nan?"
Bai ɗago ba.
"Gawon da na bari a Gatawa,
wani ke zaune a inuwarsa yanzu,
ko da mai bindiga ne.
Itace ba ya tambayar takarda."

Ya nuna sabon rami da haɓa.
"Auna."

Na ajiye littafin a ƙasa.
Hannuna ya nutse har gwiwa.